Mama Celina da Maganin da Ba a Rabawa

A watan Oktoba na shekarar 1954 aka kawo ni Kaduna amarya, a jirgin ƙasa daga Kafanchan. Sunana Juliana. Mijina Wilson yana aiki a loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, kuma ranar da na iso ba su ba shi hutu ba, don haka mahaifiyarsa ce ta zo tarbata a tasha. Ina ta raba ido ina neman wata ƙatuwar mace mai ban tsoro, irin yadda ƙawayena suka siffanta mini surukai, sai ga wata 'yar gajeriyar mata ta ratso cikin jama'a, idonta jajur, ta kama hannuna. Kafin ta ce mini sannu da zuwa ta yi atishawa sau shida a jere.

"Kada ki tsorata, 'yata," ta ce, tana share hanci da bakin zane. "Ba kuka nake yi ba. Kaka ce ta shigo, kullum haka muke gaisawa da ita."

Wannan ita ce Mama Celina. A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife ta, ta biyo mijinta Kaduna tun Wilson yana goye, lokacin da mijin ya sami aikin gyaran layin dogo. Ya rasu shekara biyar kafin zuwana. Ya bar mata ɗaki biyu a Kakuri da wata rumfar kwano a bakin hanyar da ma'aikatan reluwe ke bi, inda take sayar da koko da ƙosai da safe, da rana kuma tuwon acca da miyar karkashi. A zamanin nan Kakuri ba ta cika ba. Idan ka bar 'yan gidajen bakin hanya, gamba ce tsaye ta fi mutum tsawo har bakin kogi.

Abin da kowa ya san Mama da shi, ba ta iya cin abu ita kaɗai. Ko goro guda aka ba ta, sai ta waiga ta ga wanda za ta gutsira wa. Wilson ya taɓa sayo mata laima, kafin damina ta fita laimar ta zama ta unguwa. In ya yi ƙorafi sai ta ce, "To, ni kai nawa gare ni?" Ni ma da na zo, sati bai cika ba ta raba zannuwanta gida biyu, ta ce in zaɓi nawa.

Ciwonta kuwa yana da lokacinsa. Da ruwa ya fara ɗaukewa, sai atishawa da ƙaiƙayin ido da hanci, kamar an watsa mata barkono. Bayan sati biyu abin ya sauka ƙirji. Kana tsakar gida kana jin numfashinta daga cikin ɗaki, wata 'yar siririyar ƙara kamar kukan kyanwa. Mutane na ce wa ciwon fuka, 'yan asibiti kuma asma. Babu abin da ba ta gwada ba: zuma da citta, man shanu a ruwan zafi, hayaƙin ganyen zaƙami wanda yake sa ta jiri. Idan ya yi tsanani mukan ɗora ta a bayan keke mu kai ta disfensare, malamin wurin, wani Inyamuri mai haƙuri da ake kira Callistus, ya yi mata allura. Cikin minti kaɗan ƙirjin ya buɗe, amma zuciyarta ta yi ta bugawa, hannunta na rawa. Abin da ya fi yi mata ciwo ba wannan ba ne. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, amma ranar godiyar kaka, ranar da aka fi kowace rana waƙa, sai dai ta zauna a benci tana kaɗa kai.

A daminar 1956 Callistus ya tsaya a rumfa shan koko, ya ce mata akwai wani likita Bature da ke tsallako gada kowace Alhamis, yana bincike a kan masu irin ciwonta, kuma yana neman mutum arba'in. Mama ta ce a rubuta da ita. Ni na raka ta.

Likitan dogo ne, siriri, hancinsa kullum a saluɓe saboda rana. Hausarsa ba ta wuce "sannu-sannu" ba, ita yake faɗa wa kowa a kan kome, har sunan ya bi shi: Dokta Sannu-Sannu. Ya sa Mama ta miƙa hannu, ya ɗiga wasu ruwaye jere a kan damtsenta, ya ɗan karce fatar da tsinin allura ƙarƙashin kowane ɗigo. Callistus yana gaya mana: wannan na gashin kaza ne, wannan na audugar rimi, wannan na gashin akuya, wannan na furen gamba. Muka zauna jira. Sauran duk suka bushe lafiya, amma inda aka ɗiga na gamba ya tashi ya yi ja kamar harbin zuma.

Mama ta daɗe tana kallon wurin. "Gamba?" ta ce. "Wadda muke yin zana da ita? Shekara ashirin ina zargin kaka, ashe baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba."

Likitan ya nuna mana wani ɗan gilashi da ake shafa wa man basilin a ɗora kan rufin disfensare kowace safiya. Ya sa shi a madubin likita ya ce Mama ta leƙa. Ta ga wasu ƙananan abubuwa zagaye-zagaye kamar gero. Callistus ya ce garin furen ciyawa ke nan, iska ke ɗauke da shi, shi take shaƙa.

Daga nan aka zo kan maganar magani. Callistus ya yi bayani sau biyu, a hankali. Akwai sabuwar ƙwaya da ake so a san ko tana da amfani. Mutum ashirin za a ba su ita, ashirin kuma a ba su wadda ta yi kama da ita sak amma babu kome cikinta sai gari. Kowace kwalba lamba ce kawai a jikinta. Wanda ciwonsa ya tashi, allura na nan kamar kullum, ba za a hana kowa ba. Takardar da ke nuna wace lamba ce ta gaske tana kulle a ofis a ƙetaren kogi, har shi likitan bai gan ta ba. Wanda bai yarda ba, babu dole.

"Tsaya, Callistus," in ji Mama. "Kana nufin likitan da kansa bai san abin da zai ba ni ba?"

"Bai sani ba, Mama. In ya sani, idonsa zai riƙa ganin sauƙi inda yake so ya gani."

Ta gyaɗa kai. "Wannan gaskiya ne. Ni ma miyata ba ta taɓa yi mini gishiri ba." Ta dangwala yatsa a takarda, aka ba ta kwalba mai lamba goma sha bakwai. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Masu ilimi an ba su kati su riƙa rubuta yadda suka wuni. Mama ba ta rubutu, sai ta fito da dabararta: ranar da ta wuni lafiya ta jefa farin wake a kwalin ashana, ranar wahala jan wake. Kowace Alhamis ta kai wa likita wake bakwai, ta kuma hura cikin wani tiyo da ke ɗaga wata 'yar ganga a cikin ruwa, a auna ƙarfin numfashinta. Dabarar waken ta burge shi har ya sa wasu suka kwaikwaya.

Sati biyu da farawa, gamba ta yi fure fal, amma atishawar Mama ta ragu ƙwarai, idonta ya washe. Abu guda ne, ƙwayar na sa ta gyangyaɗi. Na sha samun ta zaune gaban kaskon ƙosai kai na rangaji, in karɓi matsamin daga hannunta.

Dab da rumfarmu akwai wani mai facin keke, Malam Mamman, mutumin Zariya. Shekara goma sha biyar suna maƙwabtaka da Mama. In ta tafi coci shi ke duba mata rumfa, in ya tafi masallacin Juma'a ita ke tsare masa kayan aiki. Ciwonsu ɗaya, lokacinsu ɗaya, har ma'aikata kan yi musu ba'a cewa suna amsa wa juna atishawa. Lokacin da ake rubuta sunaye ya tafi gida ta'aziyyar wansa, da ya dawo an riga an cika arba'in. Yanzu ga Mama garau, ga shi kuma yana bugun famfo yana tsayawa yana haki, hawaye na bin gemunsa.

Ban ga lokacin da abin ya fara ba. Na dai lura Malam Mamman ya fara gyangyaɗi a kan bencinsa da la'asar, Mama kuma atishawarta ta dawo da yamma. Jan wake ya fara shiga kwalin ashana, don ko me za a yi ba za ta jefa fari a ranar ja ba. Wata rana da la'asar na gan ta ta miƙa masa kofin kunu, ta ɗora wani ɗan farin abu a gefen faifan da ta rufe kofin da shi.

Da muka koma gida na ce, "Mama, ba na so in yi rashin kunya."

"To kada ki yi."

"Callistus ya ce ba a ba kowa."

"Malam Mamman ba kowa ba ne. Ki dube shi, 'yata. In zauna ina numfashi kamar sarauniya, shi yana mutuwa a gefena? Na ce masa likita ne ya ƙara mini, don in ya san tawa ce ba zai karɓa ba."

Na ƙyale ta. Suruka ce, kuma a raina ban ga laifinta sosai ba.

A sati na shida likitan ya tara mu duka a barandar disfensare. Ransa ba daɗi. Ya ce, ta bakin Callistus, lissafinsa ya rikice. Wasu sun fara samun sauƙi sun koma baya, wasu yau fari gobe ja, ba a gane kan abin. In haka ya ci gaba, dole ya rubuta cewa maganin ba shi da tabbas, kuma in ya rubuta haka ba za a kawo shi asibitocin ƙasar nan ba, ba don su ba, ba don 'ya'yansu ba.

Na ji Mama ta motsa a gefena. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Callistus, gaya masa maganinsa ba shi da laifi. Ni ce. Tun sati na uku rabi nake sha, rabi ina ba maƙwabcina. Kuma na yi wa maƙwabcin ƙarya."

Can sai wani mai gadin tasha ya yi gyaran murya ya ce shi ma yana ba matarsa. Wata Obiageli, mai sayar da busasshen kifi, ta ce ita da mai kwalba lamba tara musanya suke yi, don ta lamba tara ta fi sa barci. Kafin a gama, mutum goma sha uku suka ɗaga hannu.

Fuskar likitan ta yi ja har wuya. Aikin shekara guda ke nan ya zube, don gamba ba ta fure sau biyu. Ya cire tabarau, ya fita ya tsaya ƙarƙashin mangwaro ya ba mu baya. Mama ta zauna, ta ce mini a hankali, "Yau na kashe wa bawan Allah kasuwa." Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya jawo benci ya zauna gabanta, ya tambaye ta don me. Ta ba shi labarin Malam Mamman tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce shi ma yana da nasa laifin: ya tambaye su shekarunsu da irin matashin da suke kwana a kai, bai taɓa tambayar wanda ke zaune kusa da su ba. Ya ce in za a sake baɗi, yaya za a yi?

Mama ta ce, "Kada ka ba mu kwalba mu tafi da ita gida. Ba za mu iya ba. Ka ajiye su wuri guda, kowa ya zo ya haɗiye a gaban mutane. Kuma duk gidan da mai ciwon ya wuce ɗaya, ka rubuta su duka."

Da yammar nan ta je ta sami Malam Mamman ta faɗa masa gaskiya. Ya yi kwana uku ba ya shan kokonta. A rana ta huɗu ya turo kofinsa a zuba masa.

Haka aka yi a 1957, shekarar da masaƙa ta fara aiki Kakuri ta cika da baƙi. Wannan karon mutum sittin ne, har da Malam Mamman. Aka sake rarraba lambobi. Akwatin kwalabe yana rumfarmu, Callistus na zuwa da mabuɗi safe da yamma, kowa ya karɓi tasa ya kora da koko ko kunu, Mama na tsaye tana duba bakin kowa. Matar da ba ta taɓa hana kowa kome ba ta zama dodon unguwa. Har Obiageli sai da ta sa ta ɗaga harshe.

Kwana huɗu da farawa Mama ta gane abin da ke cikin tata kwalbar. Ba gyangyaɗi, ba sauƙi. Ba ta faɗa wa kowa ba sai ni. "Gari suka ba ni bana," ta ce, tana dariya tana hawayen atishawa. Na ce ta janye mana, ai an ce babu dole. Ta ce in duk masu gari suka janye, da wa za a gwada masu na gasken? Kullum ta haɗiye ƙwayarta a gaban jama'a da fara'a, ta koma gida ta jefa jan wake. Sau uku a wannan kakar muka kai ta allura. A na ukun leɓɓanta har sun canza launi, Wilson ya rantse ba za ta sake shan ƙwayar ba. Washegari da safe ya tarar ta riga shi fita.

Malam Mamman kuwa ya yi fes, yana faci yana gyangyaɗi. Shi ma ba yaro ba ne, ya gane. Wata la'asar, bayan mutane sun watse, ya matso bakin rumfa, ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwayarsa ce ta yamma. Ya ɓoye ta a kumatu har Callistus ya juya baya, ya goge ta tsaf da gefen rawani.

"Maman Wilson, karɓi. Bara kin sha rabi don ni. Wallahi ba na iya kallonki haka."

Na ga yadda ta dubi ƙwayar nan. Numfashinta na fita da ƙyar, kuma ta san daɗin da ke cikinta. Ta ɗebo kunu a kofi ta miƙa masa.

"Malam, haɗiye abinka ina kallo."

"Haba, Maman Wilson. Guda ɗaya tak."

"Da guda ɗaya na fara bara. Haɗiye, in ba haka ba in kira Callistus, ga shi can bai yi nisa ba."

Ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa. Ta ce ya ɗaga harshe. Dattijo mai furfura ya ɗaga harshe a bakin hanya kamar ɗan makaranta, su biyun suka fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Washegari, tun da sassafe, na ji ƙarar lauje a bayan gidanmu. Malam Mamman ne da 'yan'uwansa biyu suna sare gambar da ta kewaye mu, shi ya ɗaure hanci da ƙyalle. Mama ta fita ta ce wannan ma sai an gaya wa likita, kada ya ɓata lissafi. Aka gaya masa, ya rubuta a gefen katinta.

Bayan Kirsimeti aka buɗe takardar da ke kulle. Likitan ya tara mu ya faɗi abin da aka samu, bai ƙara gishiri ba. Ƙwayar tana maganin atishawa da ƙaiƙayin ido sosai. Ƙirji kuwa, taimakonta kaɗan ne, masu shan ta gaske ma sun sha allura kusan daidai da masu gari. Wasu suka yi tsaki, wai wahalar banza. Ya ce ba banza ba ce: yanzu an san wanda za a ba ita da wanda za a nema wa wani abin, ba za a sallami mai fuka da ƙwayar hanci a ce an yi masa magani ba. Ya karanta lambobin masu gari. Ta Mama na ciki. Ta juyo ta dube ni ta ɗaga gira.

Daga shekarar nan aka riƙa ba ta ƙwayar gaske kowace kaka, da wata daban ta ƙirji da take sha in ta ji alamar tashinsa. Ba ta warke ba. Fuka ta zauna da ita har ƙarshen ranta, sai dai zuwa allura ya ragu, musamman da unguwa ta ɗauki al'adar sare ciyawa kafin ta yi fure.

Likitan ya koma ƙasarsu a 1959. Ranar Alhamis ɗinsa ta ƙarshe ya tsayar da motarsa a gaban rumfa, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a benci tsakanin leburori biyu, ya ce a zuba masa tuwo. Bai iya cin miyar karkashi ba, tana ta zille masa tsakanin yatsu tana bin hannunsa har gwiwa. Mama ta zauna gabansa ta nuna masa yadda ake yanke ta da gefen yatsa, Malam Mamman na gyara masa hannun riga. Sai da ya cinye, ta ƙara masa, ya cinye wannan ma. Da zai tashi ya ce wani abu da Turanci, Callistus ya fassara: wai yana tambaya ko akwai abin da take so ya aiko mata daga can.

Mama ta yi tunani. Ta ce tabarau, irin nasa, don zaren allura ya fara gagarar ta. Bayan wata huɗu suka iso ta gidan waya, a cikin ɗan akwatin kwali, da sunanta a rubuce. Sun yi mata yawa, sai da Malam Mamman ya lanƙwasa ƙafafun da filaya kafin suka zauna.